Haƙoran Nono Amana Ne

Karatu: Alƙalawa 13:2-14



A cikin littafin Alƙalawa, wanda sabon juyi yake kira Mahukunta, akwai labarin wani mutum mai suna Manowa, na kabilar Dan. Matarsa ba ta taɓa haihuwa ba. Ran nan mala'ikan Ubangiji ya bayyana gare ta, ya yi mata albishir za ta haifi ɗa. Wannan ɗa shi ne Samson. Amma ku lura da gargaɗin da mala'ikan ya fara yi mata. Ya fara da abin da za ta ci da abin da za ta sha tun yaron bai zo duniya ba. Ya hana ta ruwan inabi, da abin sa maye, da abinci marar tsarki. Sa'ad da Manowa ya ji, bai ce wannan sha'anin mata ne ba. Ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya sāke aiko da manzon domin ya koya musu, shi da matarsa, yadda za su yi da yaron. Allah kuwa ya ji roƙonsa. Mala'ikan ya komo, ya maimaita wa mijin abin da ya riga ya gaya wa matar.

Gaskiya ne wannan doka ta Samson ce musamman, gama shi keɓaɓɓe ne ga Allah tun daga ciki, mala'ikan kuma bai yi zancen haƙori ba. Duk da haka labarin yana koya mana abu biyu. Reno tun daga ciki yake farawa. Reno kuma aikin uba ne kamar yadda yake aikin uwa. Bari mu ɗauki waɗannan biyu mu auna su da wani abu ƙarami wanda muke renawa ƙwarai, watau haƙoran nono na 'ya'yanmu.

Watakila wani zai ce, "Ina ruwan wa'azi da haƙori? Ai za su faɗi, waɗansu su tsiro." To, ɗan'uwa, wa ya yi su? A Zabura 139 Dawuda ya yi wa Allah godiya domin aikin da ya yi a jikinsa tun yana ɓoye a cikin uwarsa. Likitoci sun nuna mana kaɗan daga wannan aiki. Tun ciki yana da mako shida, lokacin da mace da yawa ba su tabbatar suna da ciki ba tukuna, tushen haƙoran yaro ya soma kafuwa. Wajen wata na huɗu sun fara ƙarfi. Ranar da ungozoma ta yanke cibi, jaririn da kuke gani da dasashi fili yana ɗauke da haƙora 20 a binne, goma a sama, goma a ƙasa, suna jiran lokacinsu. Abin da Allah ya yi wata da watanni yana ginawa a ɓoye, mu ne za mu ce ba shi da amfani?

Da me ake gina su? Da abin da uwa ta ci. Ba lalle sai abincin kanti ba. Yawancin abin da take bukata yana nan ƙasarmu: nono da kindirmo, wake, gyaɗa, waken suya, ƙwai, ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙaya, zogale, kuka, rama, alayyafo. Amma a gida nawa ne ake kwashe ƙwai da nono duka a kai kasuwa, mai ciki kuwa ta kwana da tuwo da miya tsararo? A gida nawa ne tsokar nama take tafiya akushin maigida, mai ciki ta sami romo? Maigida, a nan ne za a san ko kai ɗan'uwan Manowa ne. Ka ba ta kuɗin mota ta je awon ciki a asibitin da ke kusa da ku ko babban asibitin Kankia. In ka iya, ka raka ta, ka ji da kunnenka abin da ma'aikaciya za ta faɗa.

Mai ciki kuma kada ta sha magani don wata ta ce ya yi mata amfani. Akwai kafso ɗin nan mai rabi ja rabi rawaya, tetarasaikilin, wanda ake saye a kemis ko a faifan 'yan talla saboda ciwon ciki. Idan mace ta sha shi bayan ciki ya kai wata huɗu, ko aka ba yaro wanda bai kai shekara 8 ba, yana shiga cikin haƙoran da ake ginawa ya rine su, su fito da launin ƙasa ko toka. Ba asuwakin da zai fid da wannan rini.

Akwai kuma zancen da mata suke yi, wai kowane ciki yana cin haƙori ɗaya na uwa, wai ɗan yana zuƙe ƙarfin haƙoranta. Ba haka ba ne. Abin da ke faruwa shi ne dasashin mai ciki yakan kumbura ya yi jini da sauƙi, sai ta ji tsoro ta daina goge baki, amai kuma yana kawo tsami mai cin haƙori. Ta ci gaba da goge bakinta a hankali safe da dare. In ta yi amai ta kurkure da ruwa, ta dakata kaɗan kafin ta goga. Wannan ba domin kanta kaɗai ba ne. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori, jariri ba ya zuwa da su duniya. Yawanci daga bakin mai renonsa yake samu, ta cokalin da aka lasa aka ba shi, ko abincin da aka tauna aka sa masa a baki.

"Haƙori ne"

Yanzu mun zo wurin da na fi so mu daɗe, gama a nan ne ake asarar rai.

Yawancin yara suna fara haƙori wajen wata shida, biyu na ƙasa a gaba. Wani yakan riga, wani yakan yi jinkiri har shekara, duka ba laifi. Kafin yaro ya cika shekara uku, ashirin ɗin nan sun gama fitowa. Fitowar haƙori takan sa yaro dalalar da miyau, dasashi ya yi masa ƙaiƙayi, ya riƙa cizon duk abin da ya samu, ya yi 'yar rigima, jikinsa ya ɗan yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu. Iyakarta ke nan.

Amma mu me muke yi? Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, mu ce haƙori ne. Ya yi zawo kwana uku, idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta loɓa, mu ce haƙori ne. Ya yi amai, ya ƙi nono, har ya fara jijjiga, mu ce haƙoran sama ne, su suka fi wuya. Muna zaune muna jiran haƙori ya huda, ciwon kuwa yana cin yaron.

Iyayenmu mata da kakanni, ba rena saninku nake yi ba. Abin da idonku ya gani gaskiya ne, yara sukan yi ciwo a lokacin haƙori. Amma dalilin dabam ne. Wajen wata shida ne kariyar da yaro ya samo daga jinin uwarsa take raguwa. A lokacin ne yake fara zama da rarrafe a tsakar gida inda kaji da awaki suke yawo, kome ya ɗauka sai baki. A lokacin ne kuma ake fara ba shi kunu da ruwan randa. Ciwo da haƙori baƙi biyu ne da suka sauka rana ɗaya, ba ɗayan ne ya kawo ɗayan ba. Zazzaɓin nan, musamman da damina, sau da yawa na cizon sauro ne. Zawon nan na ƙazantar ruwa ne ko hannu. Dukansu suna da magani in an kai yaro da wuri. Yaro mai zawo a ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. Yaro mai zazzaɓi a kai a gwada jininsa ran nan, ba sai gobe ba.

Wannan kuskure ba namu kaɗai ba ne. Turawan Ingila ma sun daɗe a kansa. Sun yi ta ba jariransu wani garin maganin haƙori mai zaiba a ciki, yara suna ciwo, waɗansu suna mutuwa, sai a 1954 aka fid da zaibar daga garin, ciwon kuwa ya kusan ɓacewa.

Mu ma a ƙasarmu mun sha namu. A watan Nuwamba 2008 aka fara kawo yara asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da asibitocin Ikko da Ibadan, sun daina fitsari, ƙodarsu ta mutu. Da aka bincika sai aka tarar an ba su wani ruwan magani mai suna My Pikin, wanda ake sayarwa domin sauƙin fitar haƙori. Wani dafi ne ya shiga cikinsa, irin wanda ake zubawa a man birkin mota. Kafin Fabrairu 2009 hukuma ta ƙirga yara 84 da suka mutu. A 2013 kotu a Ikko ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai bakwai. Ku yi tunanin iyayen nan. Ba ƙin 'ya'yansu suka yi ba, ƙauna ce ta sa suka fid da kuɗi suka saya. Amma fitar haƙori ba ciwo ba ne da zai bukaci kwalbar magani. Uwa ta wanke hannunta da sabulu, ta murza wa yaro dasashi da yatsa, ko ta ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi mai kyau ya ciza. Ya isa.

Akwai masu bi kuma da suke rataya wa yaro laya ko wuri a wuya domin haƙori, suna ɓoyewa cikin riga ran Lahadi. Ɗan'uwa, wanda ya dasa haƙoran bai bukaci taimakon laya kafin ya fito da su ba, igiyar kuwa tana iya shaƙe yaro cikin barci. Kada kuma a bar kowa ya tsaga dasashin yaro da aska. In an haifi yaro da haƙori, ko na sama suka riga na ƙasa, wannan ba mugun alama ba ne. Yaro ne kamar kowane yaro. A nuna wa likita domin ya duba ko haƙorin yana girgiɗa.

Aikin kowace rana

Ubangijinmu ya koyar a Luka 16 cewa a kan ƙaramin abu ake gane mai aminci. Ga ƙaramin abin, ba ya cin minti uku.

Wata shida na fari, nonon uwa kaɗai, ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo. Bayan haka a ƙara abinci, a ci gaba da ba da nono har shekara biyu. Tun haƙori bai fito ba, uwa ta naɗa tsumma mai tsabta a yatsa ta share dasashin yaro. Ranar da haƙori na fari ya huda, ran nan aka fara goge shi, safe da dare, na daren kuwa shi ne babba, gama cikin barci miyau yana raguwa, miyau kuwa shi ne mai wanke baki. A nemi ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, a sa man kamar ƙwayar shinkafa ɗaya. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙaramar ƙwayar wake, a koya masa ya tofar. In ba buroshi, asuwaki da babba ya dandaƙe bakinsa ya yi laushi ya fi babu nesa. Amma ban da gawayi da toka da yashi, suna kankare bayan haƙori. Kada kuma a miƙa wa ɗan shekara huɗu buroshi a ce ya je ya goge. Hannunsa bai iya ba tukuna. Babba ne zai goge masa har ya kai shekara bakwai ko takwas. Maigida, sa'ad da uwar yara take fama da kwanuka da dare, me zai hana kai ka ɗora yaron a cinyarka ka yi wannan aiki kafin addu'ar kwanciya?

Mutane suna cewa tsutsa ce take cin haƙori. Ba tsutsa ko ɗaya. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, abincinsu sukari ne. In sun ci sai su fid da tsami, tsamin ya narkar da bayan haƙori kaɗan kaɗan har ya yi kogo. Bayan haƙorin nono kuwa ya fi na babba siranta, don haka yake saurin hujewa. Yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin ɓarna. Yaron da yake tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya daga safe har yamma, haƙoransa wuni suke cikin tsami. Mafi muni shi ne bulumboti mai shayi ko lemo da ake kwantar da yaro da shi. Yaron da bai kai shekara biyu ba, bai kamata a sa masa sukari a abinci ba ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2022 cewa yara wajen miliyan 514 a duniya suna da ruɓaɓɓun haƙoran nono.

A nan sai mu duba kanmu. Uba ya dawo daga kasuwa, tsarabarsa minti da biskit. Kaka tana da alewa a ƙulle a bakin zane. Har a makarantar Lahadi, yaron da ya haddace aya da me muke saka masa? Ban ce a hana yara daɗi ba. Amma ayaba, da gwanda, da mangwaro, da kankana, da dafaffen ƙwai su ma tsaraba ne. In kuwa za a ba da alewa, a ba da ita bayan cin abinci, sau ɗaya, a bi da ruwa.

"Ai za su faɗi." I, za su faɗi, amma yaushe? Famfara tana farawa wajen shekara 6, turamen nono kuwa ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12. Shekara nawa ke nan yaro zai yi da ciwo a baki? Mai ciwon haƙori ba ya iya tauna, sai ya rame. Ba ya barci, ba ya jin karatu. Da haƙoran nan yake koyon magana. Kuma kowane haƙorin nono yana tsare wa na girma wurinsa, kamar gamba da manomi yake dasawa a iyakar gona. In an tumɓuke gamba tun da wuri, maƙwabta sukan matso. Haka haƙoran gefe suke matsowa su cike giɓin, na girma ya zo ya rasa wuri, ya fito a karkace. Mugunyar da ta taru a gindin ruɓaɓɓen haƙorin nono ma tana iya ɓata na girma da yake kwance a ƙarƙashinsa.

Ciwon da ke cin fuska

Tilas in yi zancen wani ciwo wanda da yawa a cikinku kun taɓa ganin wanda ya bar wa tabo. Likitoci suna ce da shi noma. Mutane kuwa waɗansu suna cewa ciwon iska, waɗansu ciwon daji. Ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 6, watau masu haƙoran nono, musamman yaron da tamowa ta raunana, ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi, bakinsa kuma ba a tsabtace shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yana farawa da ɗan miki a dasashi, da jini, da warin baki. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, ya yi baƙi, ya huje, har ya ci leɓe da hanci da ƙashi. In ba a yi magani ba, wajen tara cikin goma suna mutuwa. In kuwa an kai yaro tun yana miki a dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsai da shi.

Kada mu ce wannan na nesa ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa a rabin farko na 2025 yara 652 suka mutu da tamowa a wuraren jinyarta a Jihar Katsina. Inda tamowa take, ƙofar noma a buɗe take. Don haka allurar rigakafin ƙyanda a wata 9 da wata 15 tana cikin kiwon bakin yaro, haka kuma kunun da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya a lokacin yaye.

A Sakkwato akwai asibitin yara na noma, wanda aka buɗe a 1999. Tun 2014 likitocin MSF suka shiga aiki a can, sun gyara fuskokin yara da manya masu yawa kyauta. A ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Nijeriya ce kuwa ta jagoranci neman a yi haka. Noma ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani. A Yohanna 9 almajirai sun ga makaho, suka shiga neman wanda ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Yesu ya kau da wannan tambaya, ya warkar da mutumin. In akwai yaro a ƙauyenku da ake ɓoyewa a ɗaki saboda fuskarsa, ko na mai bi ne ko na maƙwabcinmu Musulmi, dattawan ekklesiya su je su gai da gidan, su gaya musu labarin Sakkwato, a yi baiko a haɗa kuɗin mota. A Matiyu 18 Ubangiji ya yi kashedi mai ƙarfi a kan rena ko ɗaya daga cikin ƙanana.

Ga roƙona ga zumuntar mata. A taronku na wannan wata, kowace uwa ta zo da ƙaramin ɗanta, ku fita waje inda akwai haske, ku koya wa juna ɗaga leɓen yaro. In kun ga farin layi kamar alli a gindin haƙoran gaba na sama, farkon ruɓa ke nan, gogewa da man fuloraid da rage zaƙi suna iya tsai da shi. In ya yi ƙasa-ƙasa ko ya yi rami, a nemi ma'aikacin haƙori, ko da sai an je Katsina ko Kano. In dasashi yana jini da wari, ko kunci ya kumbura, a tafi asibiti ran nan. Kowace uwa ta riƙa yin wannan dubawa a gida sau ɗaya a wata.

Ku kuma iyaye maza masu yara 'yan shekara shida, akwai wani haƙori da yake ruɗin mutane. Wajen wannan shekara wani babban turmi yakan fito can baya, sama da ƙasa, dama da hagun, ba tare da wani ya faɗi ba. Sai a zaci na nono ne, a bar shi ya ruɓe. Ku sa yaron ya buɗe baki, ku fara ƙirga daga tsakiyar gaba zuwa baya. Haƙoran nono biyar ne a kowane gefe. Na shidan na girma ne, ba ya famfara, in ya tafi kuwa babu wani a ƙarƙashinsa.